Yadda ake zaga Damagaram a yini guda: Birni, fada, Kasuwar Dole da abincin gari

Wanda yake da yini ɗaya kacal a Zinder, wato Damagaram, rana ce za ta tsara masa tafiyarsa. Abin da ya fi cancantar gani a garin yana cikin lunguna ne da mota ba ta shiga, sai an taka da ƙafa, kuma daga ƙarfe 12 zuwa La'asar duwatsun garin suna riƙe zafi har tafiya ta zama azaba. Don haka tsarin da ya fi aiki shi ne Birni da fada da sassafe, gidan tarihi da kasuwa da hantsi, hutu da tsakar rana, Zango bayan La'asar, nama da shayi bayan Magariba. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara da kasuwa ya bar Birni sai Azahar, zai tarar fadawa sun tashi, lunguna sun yi tsit, shi kuma ƙarfinsa ya ƙare.

Zaɓen rana da shirin jajibiri

In da hali, a zaɓi Alhamis, domin ita ce ranar da Kasuwar Dole take ci sosai, mutanen ƙauyuka su shigo da hatsi da dabbobi da kayan saƙa. Juma'a tana da nata armashin a ƙofar fada lokacin fitar sarki masallaci, amma ofisoshi da shaguna da yawa suna rufewa da wuri, yinin ya gajarce. A cikin shekara kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗi, sai dai a riƙe rawani ko mayafi saboda ƙurar hunturu, da man shafawa don kaushi. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Da damina gari yana kyau, amma lungunan Birni suna riƙe ruwa da taɓo.

A kwana a garin. Daga Kano tafiyar kusan kilomita 240 ce ta Daura, Kongolam, Ɗan Barto da Matamai, daga Maraɗi ma kusan haka, daga Yamai kuwa kusan kilomita 900. Wanda ya ce zai taso da asuba daga ɗayan waɗannan wurare ya zaga gari a ranar, safiyar da ta fi komai amfani a hanya za ta ƙare masa. Mai zuwa daga Najeriya ya binciki halin da iyaka take ciki kafin ya taso, ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Takardun nan su zauna a aljihu duk yinin, kada a bar su a masauki.

Sai maganar kuɗi, wadda take rikita baƙi fiye da komai. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuma sefa 5 ce. Dala biyar sefa 25 ke nan, dala goma 50, dala ashirin 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500, jika ɗaya 1000. Masu sayarwa sukan yar da kalmar dala, mai ƙosai ta ce maka "ashirin", tana nufin sefa 100. Duk lambar da aka faɗa maka da Hausa, ka ninka ta sau biyar, sai in an ce jika. Ka canza kuɗinka tun jajibiri, ka kuma farfasa su. Takardar jika goma ba ta da amfani wajen mai waina ko ɗan kabu-kabu, za ka tsaya jiran canji har a bar ka a rana. Ka tanadi silalla na dala ashirin da takardun dala ɗari da na jika ɗaya masu yawa.

Ka nemi ɗan gari da zai yi maka jagora a Birni, ta hannun mai masaukinka ko wani da ka sani, ku yi maganar abin da za ka ba shi tun kafin a fita. Ka kuma sa a tambayo maka lokacin da gidan tarihi yake buɗewa a ranar. Ruwan sha a saya tun dare, aƙalla lita 3 ga kowane mutum. Damagaram gari ne da yake zaune a kan dutse, ruwansa daga nesa ake turo shi, daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma famfo yana iya ɗaukewa ba sanarwa. In ka tarar da ruwa a masauki da dare, ka cika bokiti don wankan safe.

Karin kumallo, ƙarfe 6 da rabi

Bayan sallar Asuba masu koko da ƙosai da masu waina sun riga sun hura wuta a bakin tituna. Ka zaɓi wadda take suya a gabanka, ka ci da zafinsa. Koko da ƙosai ya fi dacewa da mai doguwar tafiyar ƙasa, don yana riƙe ciki ba tare da nauyi ba. Mai son shayi da burodi da ƙwai zai samu a teburan masu shayi. Kada a cika ciki da abu mai maiƙo da yawa, ƙishirwa yake jawowa tun hantsi bai yi ba.

Birni

Ka hau kabu-kabu ko adaidaita, ku yi ciniki kafin ka hau, ka ce a sauke ka a ƙofar fada. Ya zama ka isa wajen ƙarfe 7 da rabi. Fada ba ta cika ba tukuna a lokacin, don haka ka fara da lunguna, ka dawo fada daga baya.

Zinder asalinta gari biyu ne da fili a tsakaninsu: Birni, inda sarki da fadawa da malamai suke a cikin ganuwa, da Zango a arewa, inda ayarin raƙuma daga Agadas da ƙasashen Larabawa yake sauka. Sabon Gari da ofisoshi daga baya suka cike tsakanin. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane abin da yake gani duk yinin.

A Birni, bango ake kallo. Ginin gargajiya a nan da tubali ake yinsa, curin ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Rufi da azara ne, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba. Inda ake son ɗaki mai faɗi sai a ɗaura bakan gizo, azara a lanƙwashe daga bango zuwa bango har su haɗu a tsakiya. A saman gini za ka ga zanko a kusurwoyi, da indararo da yake zubar da ruwan sama nesa da bango. Abin da ya fito da sunan Damagaram shi ne adon fuskar gida: magini yana fitar da zane da ƙasa tun tana da danshi, dagi da da'ira da takobi da wasu siffofi, wani gidan a bar shi da launin ƙasa, wani a shafa masa shuɗi da kore da ja da ruwan ɗorawa. Yawan adon ƙofar gida yana nuna matsayin wanda ya gina shi. Ka tsaya a gefe, inda hasken safe yake faɗowa a karkace, a nan zanen yake fitowa da inuwarsa. Da tsakar rana hasken yana daidaita komai, hoto ma ba ya kyau.

Za ka lura wasu gidaje sun tsage, wasu sun zube gefe guda. Sababin yawanci biyu ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe akai-akai, a da kuma ana gama shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana hana ruwa shiga. In aka yi shekaru ba a taɓa shi ba, ko indararo ya toshe, damina ɗaya ta isa ta ci gindin bango. Na biyu shi ne shafen siminti a kan ƙasa: yana kama da gyara, amma yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana shafen ya ɓare gaba ɗaya da rabin bangon. Abin takaici ne ganin gidan da ya haura shekara ɗari ya tafi ta wannan hanya, musamman da yake tun 2006 Birni da fada suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Ka ce wa jagoranka ya kai ka wuri uku. Na farko ragowar ganuwa, wadda ake danganta ƙarfafa ta da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. A zamaninsa ne Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta, har ana ƙera igwa a cikin garin. Na biyu gidan da aka ce Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka lokacin da ya iso a ƙarshen 1852 kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Na uku manyan duwatsun da gidaje suka kewaye, inda lungu yake matsewa har mutum biyu ba sa jerawa.

Birni unguwa ce ta mutane masu rai, a kiyaye wannan. A yi sallama ga dattawan da ke zaune a dakali kafin a wuce, "sannunku da hutawa, Baba". Namiji baƙo iyakarsa zaure, mace ce take iya shiga cikin gida in an yi mata izini. Kada a ɗauki hoton mace ko na makarantar allo sai an tambaya. Yara za su biyo ka. In ka raba musu kuɗi, cikin minti biyar za su ninka, tafiyar ta gagara. Ka bar jagora ya sallame su da baki.

Fada da masallaci

Wajen ƙarfe 9 ka dawo ƙofar fada. Ginin na ƙarni na 19 ne, kuma har yau Sultan yana zaune a ciki, ana kawo ƙara ana sulhu, don haka ba a kutsa kai. Ka gaida dogaran da ke ƙofa, masu ja da kore, ka faɗi daga inda ka zo da abin da ya kawo ka. Su ne za su nemo izini su haɗa ka da wanda zai zaga da kai. Shiga ta mutunci ake so: riga mai hannu da dogon wando ko kaftani da hula ga namiji, mayafi ga mace. Inda aka ce a cire takalmi a cire. In aka yi sa'a aka kai ka gaban sarki ko wani hakimi, ka durƙusa ka ce "Allah ya ja zamaninka" ko "ranka ya daɗe", ba a miƙa hannu sai in shi ya miƙo. Kafin ka ɗaga salula don hoto, ka tambaya a kowane soro, domin izinin wani wuri bai shafi wani ba. In za ka fita ka ba wanda ya zaga da kai goro, ka kuma tuna da na ƙofa.

Tambaya mai kyau tana buɗe bakin bafade. Ka tambaye shi labarin Sarki Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe kyaftin ɗin Faransa Kazamaju a 1898, Faransawa suka dawo da yaƙi a 1899 aka gwabza a Tirmini, garin ya faɗa hannunsu. In kai Bakano ne ka shirya, za a tuna maka yaƙe-yaƙen Kuran Daga da Kano, a tsokane ka da wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Ka rama da fara'a, hira ta fi daɗi a haka.

Masallacin Juma'a yana kusa da fada, ga kuma tsohon masallacin ƙasa. Wanda ba Musulmi ba ya tsaya daga waje sai in an yi masa iso.

Gidan tarihi da barikin kan dutse

Daga ƙarfe 10 da rabi ka hau adaidaita zuwa gidan tarihi na jiha. Ƙarami ne, kada ka zo da tsammanin irin na Bubu Hama da ke Yamai. Minti 45 sun isa. Amfaninsa yana ga mai tambaya: ka nemi ma'aikaci ya bi da kai, duk abin da ka gani ka tambayi sunansa, wa yake yinsa, da ko har yanzu ana amfani da shi. Da yawa daga kayan gargajiyar da ke ciki za ka sake ganin irinsu a kasuwa bayan awa ɗaya, ka iya bambance aikin hannu mai kyau da na gaggawa.

A hanya za ka hangi tsohon barikin da Faransawa suka gina a kan dutse suka sa masa sunan Kazamaju, yanzu ana kiransa da sunan Tanimun. Zinder ce hedikwatar Nijar a lokacin mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai a 1926, shi ya sa za ka ga tsoffin gine-ginen Turawa da maƙabartarsu a garin. Barikin wurin soja ne. A kalle shi daga nesa, kada a nuna shi da salula ko kamara ko da wasa. Haka ma ofishin jandarma da na ƴan sanda da kowane shingen bincike. Hoto ɗaya a irin wannan wuri yana iya cinye sauran yinin a wajen amsa tambayoyi.

Kasuwar Dole

Daga 11 da rabi zuwa Azahar. Kuɗi a aljihun gaba, jaka a rataye ta gaba, domin ranar Alhamis ana cunkoso. Ka fara zagawa ba ka sayi komai ba, ka ji farashi a rumfa biyu ko uku. Ciniki a nan da gaisuwa yake farawa. Ka taya ƙasa da abin da aka faɗa, in aka ce "albarka" ka ƙara kaɗan, in aka ce "sallama" ciniki ya faɗa, kuma ba kyau a janye bayan an sallama maka. Abubuwan da suka cancanci ɗauka: cuku, dabino, tabarmi da faifan kaba, barkono da kayan yaji, kanwa. Cuku mai kyau busasshe ne ƙamas, fari zuwa ruwan madara, ba ɗigon baƙi. In yana da laushi a tsakiya zai yi fumfuna a jaka kafin ka isa gida. Mai sha'awar dabbobi ya ce a kai shi kasuwar dabbobi ya ga raƙuma da shanu da tumaki, amma ya tsaya nesa da ƙafar raƙumi ta baya, kada kuma ya taya dabba in ba saye zai yi ba, dillalai ba sa ɗaukar wannan wasa.

Azahar da hutu

Abincin rana ya zama mai sauƙi. Dambu da zogale da ƙuli da ɗan mai yana da kyau, ko shinkafa da wake, ko burabusko da miya ga wanda ya samu, abincin da yake nuna daɗaɗɗiyar alaƙar Damagaram da Barno. Fura da nono ita ce ta fi komai kashe ƙishirwa, sai dai a nan ciki yake ɓaci: sau da yawa ruwan damu da ƙanƙarar da aka jefa su ne matsalar. Ka sayi dunƙulen fura da nono, a dama maka da ruwan da ka zo da shi. Danyen latas da tumatir na bakin titi a bar su. Daga nan ka koma masauki ka kwanta har La'asar. Wanda ya ƙi hutun nan, ciwon kai da jiri ne za su tare shi da yamma. In ka ji bakinka ya bushe kuma fitsari ya yi ja, ka sha ruwa da ɗan gishiri da sukari, ka zauna a inuwa.

Zango da dukawa

Ƙarfe 4 da rabi ka nufi Zango. A nan fatake da Buzaye da Larabawan Tarabulus suke sauke kaya a da, kuma gidajen attajirai na wancan zamani suna da ado da ya kai na Birni. Ka tambayi gidan Malam Yaro, babban attajirin garin a lokacin zuwan Faransawa. Hasken yamma yana yi wa bangon nan kyau kamar yadda na safe ya yi wa na Birni.

Damagaram ta yi suna a jima da dukanci, don haka ka ware awa ɗaya ga dukawa, ko a rumfunansu ko a cibiyar masu sana'ar hannu. Ana jeme fatar akuya da bagaruwa, jan launi na asali kuma daga karan dafi yake. Ga yadda ake gane kaya mai kyau. Ka shinshina: fatar da ta jemu tana ƙanshin bagaruwa, wadda ba ta jemu ba tana ɗoyi, kuma ɗoyin ƙaruwa yake da damina. Ka lanƙwasa ta, in fuskar ta tsattsage to ta bushe da yawa. Ka jiƙa yatsa ka goga a gefe, in launi ya biyo yatsan zai ɓata maka farar riga. Ka juya cikin jaka ko takalmi ka ga ko ɗinki ne ko gam, domin na gam yana saki a zafi. Matashin zama da filo na fata a saye su ba ciko, sun fi sauƙin ɗauka.

Kafin Magariba, in da sauran ƙarfi, jagora ya kai ka kan wani dutsen da ba na soja ba, ka ga garin daga sama lokacin da ake kiran salla. A sauko kafin duhu, dutsen yana da santsi ga mai silifa.

Dare da tsaraba

Bayan Magariba masu tsire da balangu suke fitowa. Ka zaɓi tukubar da mutane suka yi wa layi, ka nuna yankan da kake so, ka sa a mayar da shi kan wuta a gabanka, a yanka da albasa da yaji a gefe. Mai son tuwo zai samu na gero ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa. A lokacinta akwai soyayyiyar fara da yaji. A rufe da shayi a ƙananan kofuna, na farko mai ɗaci, na biyu da na uku masu zaƙi. Wanda shayi yake hana shi barci ya tsallake na farko.

Tsarabar Damagaram alkaki ne da kilishi. Alkaki da alkama ake yinsa, a bar kwaɓin ya yi tsami, a murɗa, a soya, a tsoma a zuma ko narkakken sukari. Mafi kyau a gidaje mata suke yinsa, don haka ka sa mai masaukinka ya yi maka sautu tun safe. Ka karya ɗaya ka gani: ya karye da ƙaras, zaƙin ya ratsa har ciki, kuma babu warin tsohon mai. A zuba shi a roba mai murfi, leda tana farfasa shi tana kuma kiran kiyashi. Kilishi kuwa ka ɗaga shi ga fitila, mai kyau siriri ne har haske yana ratsa shi, ya bushe amma bai ƙone ba. In labu ya fi naman kauri, ƙuli ka saya da kuɗin nama. A naɗe shi a takarda, a bar shi ya huce sarai kafin a sa a jaka, domin in aka kulle shi da ɗumi a leda gumi yake yi ya lalace cikin kwana biyu. Wanda zai kai Lahadi a garin ya ajiye wani abu daga kuɗin tsarabarsa, ranar ce kasuwar Mirya take ci, kilomita 18 kudu maso gabas da Zinder.